Laraba da Karen Majigi

Duk wanda ya sha ruwan randa a ƙauyukan bakin kogin Kuwara, tsakanin Warra da Yelwa, a shekarun da nake magana, da wuya a ce bai taɓa kurɓa daga ginin Laraba ba. Maginiyar tukwane ce. Ana gane randarta da kaurin baki da zanen igiya a wuya, kuma ruwa in ya kwana a ciki sai haƙora sun amsa. Ta rasu shekarun baya. Ban same ta da ƙuruciya ba, don haka mafi yawan abin da zan faɗa daga bakin 'yarta Marta na ji shi, saura kuma daga ita kanta, a zaman da muka riƙa yi a rumfarta bayan furfura ta cinye kanta.

A kan tudu aka haife ta, a wani ƙauyen Kambari cikin duwatsun ƙasar Ngaski. Ubanta Ɗangana manomin dawa ne da damina, maharbi da rani, kuma gidansa bai taɓa rabuwa da karnuka ba. Tare da su Laraba ta yi rarrafe. Akwai wani tsoho a cikinsu, ja mai yagaggen kunne, ana ce masa Sai-gobe, wanda ya daina zuwa daji ya koma kwanciya a bakin murhu. A jikinsa take jingina in uwarta na kwaɓa yumɓu. Uwar ce ta koya mata gini, tun daga ɗan kasko har zuwa randar da mutum zai iya shiga ya ɓuya.

Yaro, mijinta, ya yi wa Ɗangana noma damina bayan damina kamar yadda al'adarsu take, kafin a ba shi ita. Mutum ne marar yawan magana, gajere, mai faɗin kafaɗa. Da suka yi aure sai suka gangaro bakin kogi neman fadama, suka zauna a wata 'yar tunga da ake kira Tungar Marke, ba nisa da Warra. Shi ya samu ƙasar shinkafa da albasa. Ita kuma ta samu abin da ya fi mata wannan daɗi, wato wani rami a bakin ƙorama mai yumɓu toka-toka, mai laushi kamar man shanu, wanda ba ya neman a ƙara masa komai sai ɗan dakakken tsingaro.

A shekarar da aka ba da mulkin kai, bayan ruwa ya ɗauke, ta loda tuluna a jirgin 'yan albasa ta nufi kasuwar Yelwa, tare da Marta, wadda a lokacin ba ta daɗe da fara famfarar haƙori ba. Kaya ba su ƙare a ranar ba, sai suka sauka gidan wata 'yar garinsu da ke aure a can. Da la'asar wata mota mai lasifika a ka ta zaga gari tana shela cewa akwai majigi a filin makaranta bayan magariba. Laraba ba ta taɓa gani ba. Matan gidan suka ɗauki tabarmi, ita ma ta bi su.

An kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, inji na ruri a bayan mota. Da farko aka nuno tuta, da sojoji suna maci, da manyan mutane masu manyan riguna waɗanda ba ta san ko ɗaya a cikinsu ba. Daga nan aka shiga bayanin yadda ake tsintar auduga. Sauro ya dame ta, Marta ta fara gyangyaɗi, har ta soma naɗe tabarma. Sai kiɗa ya canja, yara suka ɗauki sowa tun kafin a ga komai, don su sun san abin da ke tafe.

Kare ne ya fito. Ba hoton kare na gaske ba, zane ne: fari, da baƙin tabo a ido ɗaya, kunnuwa sun zubo kamar ganyen taba, hanci dunƙule kamar goriba. Uwargijiyarsa ta ajiye kwanon abinci a taga don ya huce, ta bar shi gadi, wani hankaka kuma ya zo yana yi masa dabaru. Mai majigin yana riƙe da makirfo yana faɗin abin da karen ke cewa a ransa, da Hausa, cikin muryar wawa. In kare ya firgita idanunsa su zazzago waje, in ya leƙa wuyansa ya miƙe kamar igiyar guga, in ya sheƙa da gudu ya wuce bakin rufi yana taka iska bai sani ba. Filin ya kaure da dariya, Laraba ma ta yi har da hawaye.

Amma abin da ya tsaya mata a rai ba shi ne ya ba mutane dariya ba. A farkon wasan, kafin hankaka ya zo, karen ya kewaya wurin kwanciyarsa, ya sake kewayawa, ya tona ƙasa da ƙafa, ya zube, ya ɗora haɓa a kan ƙafafun gaba. Ido ɗaya ya rufe, ɗayan ya ɗaga gira yana kallon kwano. Laraba ta taɓa Marta, ta ce mata da yarensu, "Kin ga Sai-gobe can. Wanda ya yi wannan, ko wane ne, ya taɓa zama kusa da kare."

Da suka koma gida, ta gama ginin ranar, sai ta gutsuri ragowar yumɓu ta zauna tana murzawa. Yaro ya dawo daga lambu ya tsaya a kanta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mi za a dafa cikin wanga?"

"Ba a dafa komi. Kallonshi ake yi."

Ya gyaɗa kai ya wuce wanke ƙafa.

Karen farko bai tsira daga wuta ba. Dunƙule ta yi shi, da zafi ya shige shi sai ya fashe, har ya tsaga tulun da ke kusa da shi. Na biyu ta rarake cikinsa ta bar 'yar kafa a ƙarƙashi, ya fito lafiya, ja da baƙin hayaƙi a gefe ɗaya. Marta ta yi ta yawo da shi a ƙauye. Kowa ya ce ya yi kyau, ita ce kaɗai ba ta gamsu ba. Ta ce na majigi yana numfashi, nata kuwa ya tsaya ƙiƙam kamar wanda aka kira sunansa ya rasa wanda ya kira. Ta ɗora shi a kan katanga ta koma tukwanenta, sai dai lokaci-lokaci in ta ɗaga kai takan yi tunanin yadda aka yi zane ya tashi ya yi tafiya.

Amsar ta zo mata har gida bayan rani biyu. Motar majigi na kan hanyar Warra, ta yi zafi a yashin ƙorama, ta tsaya daidai gindin marken da ƙauyen ya ci sunansa. Direba ya zo neman ruwa. Tare da shi akwai mai majigin, Malam Basiru, wani siririn mutumin Yelwa mai 'yar hula da yawan gyaran murya. Laraba ta gane muryar tun daga sallama. Ta ba su ruwan mota, ta ba su na sha, ta shimfiɗa musu tabarma su jira inji ya huce. Nan Basiru ya hango karen a kan katanga.

"Uwargida, wanga daga ina?"

"Naku ne, Malam. A Yelwa na gane shi."

Ya tashi ya duba shi gaba da baya, bai taɓa ba. Ya ce har tabon idon ba ta manta ba. Da ta ga bai yi mata dariya ba, sai ta yi ƙarfin hali ta yi tambayar da ta daɗe da ita.

"Malam, ina kuke aje shi da rana?"

Direba ya fara murmushi, Basiru ya harare shi. Ya shiga bayan mota ya fito da wani faffaɗan gwangwani kamar faifai, ya buɗe, ya warware bakin wani baƙin zare mai sheƙi. Ya ce ta wanke hannu ta riƙe ta gefe-gefe, kada ta taɓa tsakiya, ta ɗaga sama wajen rana. Ta ɗaga. Sai ta ga 'yan tagogi a jere, kowace ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, kowace da kare a ciki.

"Ai duk ɗaya ne."

"Bi su a hankali. Dubi ƙafarshi."

Ta bi da ido. A ta farko ƙafar na ƙasa. Can gaba kaɗan ta ɗan ɗaga. Gaba kuma ta lanƙwashe, kunne ya fara tashi. Ta yi ta ja tana bi har hannunta ya gaji.

Basiru ya ce, "Da hannu aka zana su, ɗaya bayan ɗaya. Inji shina jan su da sauri gaban fitila, ido ba ya iya raba su, sai ki ga kamar tahiya yake."

"Mutum guda ya yi wanga duka?"

"An ce suna da yawa, ɗaki guda suke zama, can Amurka. Ni ma ji na yi."

Ta sauke hannu. Can ta tambaya ko mata ne ko maza, ya ce bai sani ba. Ta tambaya ko wanda ya zana ƙafa shi ke zana kunne, ya ce wannan ma bai sani ba. Da za su tashi ta sauko da karen ta miƙa masa. Ya ce gaskiya innarsa ba za ta bari a shiga mata gida da siffar kare ba, amma mota ba gidan kowa ba ce. Ya naɗe shi da tsumma ya ajiye a gaban gilashi. Shi kuma ya laluba a aljihu ya ba ta wani guntun zaren da ya yanke lokacin gyara, bai fi taƙi ɗaya ba.

A ranin nan Yaro yana ɗaga sabuwar katanga a gefen hanyar da ke gangarawa kogi. Laraba ta ce ya bar mata samanta. Duk ranar da ta gama tulunan mutane, sai ta gina kare ɗaya ko biyu, tana ɗaga guntun zaren a rana tana dubawa, ko da yake abin da ke cikinsa bai wuce juyin kai ba. Sauran daga karnukan ƙauye ta ɗauko. Takan zauna da yumɓu a cinya tana kallon yadda karyar maƙwabta ke tashi daga barci, wace ƙafa ce ke fara motsi, ina wutsiya take a lokacin. Na farko a kwance yake, haɓa a ƙasa. Na biyu ya ɗaga kai. Haka suka bi har ya miƙe, ya yi miƙa, ya ɗaga ƙafa, ya zabura. Sun haura ashirin. Ta gasa su tare da tukwane, ta dasa su a jere cikin ɗanyar laka a saman katangar.

Da aka gama, ta tsaya ta duba, sai ta ga karnuka ne kawai masu yawa. Ta bi katangar da sauri tana kallonsu, ba abin da ya motsa. Ba ta ji haushi sosai ba, don ko a haka masu wucewa kan tsaya.

Marta ce ta gano dabarar. A ɗaya gefen hanyar akwai darnin kara na lambun albasa, mai 'yan ramuka tsakanin kara da kara. Wata rana tana gudu ta cikin lambu, ta bayan darnin, idonta a kan katanga, sai ta tsaya cak ta kira uwarta. Ta ce in mutum ya yi gudu ta nan yana leƙe ta tsakanin kara, kare yana tashi. Kafin yamma yaran ƙauye sun tattake kunya guda ta albasa, sai da Yaro ya fito da tsumagiya, daga baya kuma ya haƙura ya bar musu 'yar hanya a gefe.

Laraba ta jira har safiyar da mata suka tafi kogi. Ta ɗaure zane tamau, ta sheƙa. Ta gaya mini cewa a karo na farko ba ta ga komai ba sai kara, a na biyu ta kusa faɗuwa. A na uku ne ta gan shi, ɗan lokaci kaɗan kamar ƙiftawar ido: ya ɗaga kai, ya miƙe, ya zabura wajen kogi. Ta zauna a bakin kunya tana haki tana dariya ita kaɗai. Bayan 'yan kwanaki, tana dawowa daga ramin yumɓu, ta hango Yaro a bayan darni, ya ajiye fartanya, ya waiga hagu da dama, ya ruga a guje da gajerun ƙafafunsa. Ba ta taɓa gaya masa ta gan shi ba.

Ba kowa ne ya sake da abin ba tun farko. Mai bisharan da ke koya wa su Marta karatu a 'yar majami'ar ƙauye ya zo da kansa, ya gaishe ta da ladabi, ya tambaya ko ana zuba musu giya ko jinin kaza. Ta ce ko tuwo ba sa ci. Ya zauna ya ji labarin majigi da zaren Malam Basiru, ya tafi da kwanciyar rai. Da Kirsimeti ta gabato ya roƙe ta ta gina masa ɗan rago don wasan yara. Ta gina, amma duk wanda ya gani sai ya ce kare ne da ƙaho.

Akwai kuma Zulaihatu, Bafillatana mai tallar nono, wadda rugarsu kan sauka a fadama kowane rani. Sun daɗe suna musayar kindirmo da tukwane har suka zama ƙawaye. Ita in ta zo wajen katangar sai ta kau da kai ta matsa ɗaya gefen hanya, tana dafe da ƙwaryarta, tana cewa, "Ƙawa, ke dai ba ki da aiki." Amma ita ce ta baza labarin a rugage, har makiyaya suka riƙa ratsowa ta nan don su gani.

Ana cikin haka maganar dam ta ƙara ƙarfi. Da ma an daɗe ana ji za a tare Kuwara a Kainji, ruwa ya taru ya ci gungu, wato tsibiran kogi, da fadama. Sai ga mutane da sanduna masu ja da fari suna awo, suna shafa fenti a jikin itatuwa. Fentin Tungar Marke ya hau sama da kan mutum. Malam Basiru ya sake zuwa Warra da majigi, wannan karon da hoton injuna suna tura ƙasa da na sababbin gidajen da za a ba mutane. Dattawa suka yi ta tsaki. A ƙarshe ya sa karen, yara suka yi dariyarsu, manya kuwa kaɗan ne suka tanka. Da Laraba ta je gaishe shi yana naɗe waya, ya ce mata a hankali, "Uwargida, ni abin da aka ba ni nike nunawa." Ta ce ta sani. Ta leƙa gaban mota, ta ga karenta yana nan cikin tsummansa.

Ranar tashi, manyan motoci suka zo. Marta ta sa wuƙa za ta ɓamɓaro karnukan daga katanga, na farko ya karye a ƙafa, na biyu a wuya, don laka ta riga ta riƙe su. Laraba ta ce ta bar su. Abin da ya fi tsaya mata shi ne kabarin wani ɗanta da ya rasu yana goye, can bayan gida, sai kuma ramin yumɓu. Ta je kabarin da safe ta share shi ta daɗe a tsugune. Daga nan ta wuce rami ta cika buhuna. Yaro ya sauke wasu itatuwan rufin da ya yi niyyar ɗauka don buhunan su samu wuri.

Sabon ƙauyen yana kan tudu, gidajen siminti a jere da rufi mai lanƙwasa, masu zafi da rana kamar tanda. Daga ƙofar gida suka riƙa kallon ruwa yana hawa a hankali, har ya shafe lambuna, ya bar kan marken kawai, daga baya shi ma ya nutse. Yumɓun buhu ya kai ta 'yan watanni ya ƙare. Ta gwada ƙasar tudu, duk tsakuwa ce da yashi. In ta haɗa wuta sai ta ji tukwane suna fashewa ɗaya bayan ɗaya tun kafin kara ya cinye. Bayan gashi na uku ta kife kayan aikinta a lungu.

Ba su yi yunwa ba. Tafkin ya zo da kifi mai yawa a shekarun farko, masunta suka cika bakin ruwa daga wurare masu nisa, ita kuma ta shiga yi musu bandar kifi. Yaro ya samu gonar gero da dawa, ya koma noman da ya tashi da shi. Marta ta tafi makarantar kwana. Sai dai Laraba ta ce a wannan shekarar hannuwanta ba su san inda za su sa kansu ba, ko tuwo take kwashewa sai ta tarar tana gyara masa baki kamar kasko.

Zulaihatu ta ɓace tun tashin, don ruwa ya ci makiyayarsu, sun yi gabas da shanu. Sai farkon wata damina, lokacin da tafki ya ja baya, ta yi sallama a ƙofar gida. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta kwance wani ƙunshin ganye daga bakin zanenta ta ajiye a ƙasa.

"Shanunmu suna shan ruwa a wani lungu can ƙasa da Warra. Kullum sai su dawo da wanga a kofato, ko an wanke ba ya hita. Na ce bari in kawo miki, ko banza ce ki zubar."

Laraba ta buɗe. Ta murza a yatsa, ta sansana, ta ɗan sa a haƙori ta ji ko da yashi. Ta mulmula siririya ta naɗa a ɗan yatsa, ba ta tsage ba. Ta ce, "Tashi mu tahi."

"Ko hura ba ki ba ni ba."

Ta dama mata, ta tsaya a kanta har ta shanye, sannan suka kama hanya.

Wurin wani tsohon kwari ne da ruwa ke rufewa mafi yawan shekara, sai ya janye yake buɗewa na ɗan lokaci. Dole duk yumɓun shekara a haƙe shi a wannan tsakanin, kuma daidai lokacin shuka ne. Yaro ya haƙa mata rami a bayan gida don ajiya, ya aro jaki, suka riƙa yin gona da safe, kwari da yamma. Sabon yumɓun ya fi na da duhu, kuma yana son tsingaro da yawa, sai da ta yi 'yan gwaje-gwaje da ƙananan kasake kafin ta gane halinsa. Ranar da ta yi babban gashi, da wuta ta mutu toka ta huce, ta jawo randa ta farko da sanda, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ta yi ƙara siririya mai tsawo. Yaro, da ke tsaye nesa kamar ba ruwansa, ya juya ya tafi gona yana 'yar waƙa. Randar nan Zulaihatu aka kai wa, ko da yake sai da aka yi ta gardama, don ta ce mai yawo da shanu ina za ta kai randa. A ƙarshe ta bar ta a gidan Laraba, da sharaɗin tata ce, in ta zo tallar nono daga ciki za ta sha.

Ta koma gina karnuka, amma ƙanana, waɗanda yaro zai riƙe a tafi. Takan jera su a gaban tuluna ranar kasuwar Warra, 'ya'yan masunta na rububinsu, in yaro ya tsaya kallo ya daɗe ba shi da abin saye sai ta ce ya ɗauka. Jerin katanga kuwa ba ta sake yi ba. Na tambaye ta dalili, ta ce katangar siminti ba ta karɓar dashe, kuma abin da take son gani ta riga ta gani. Malam Basiru an mai da shi Sakkwato bayan an yi jihohi. Ya taɓa aiko da gaisuwa ta bakin direban, wanda ya ce karen yana nan, sai dai gargadar hanya ta cire masa kunne ɗaya.

Marta ta zama malamar makaranta, ta yi aure a Yelwa. Da bidiyo ya shigo gari, mijinta ya sayo, jikoki suka matsa sai an ɗauko kaka. Laraba ta hau jirgin inji ranar kasuwa, da tuluna biyu na tsaraba. Bayan azahar aka zaunar da ita a kujera mai taushi, aka ja labule, aka sa mata kaset na zanen karnuka, masu launi, iri-iri. Ta matso da kujerar har kusa da gilashin. Ta kalli ɗaya ta kalli biyu, tana dariya a wuraren da yaran ba sa yi. Wani ta ce mai zanen ya san kare. Wani kuma ta ce wannan mutum ne aka sa wa kunne, don kare ba ya zama haka. Ta sa aka mayar mata da wani wuri baya har sau da yawa, inda wani ɗan kwikwiyo ke ƙoƙarin hawa matakala ƙafar baya na zamewa.

Jikokin suka ce ta kwana biyu, akwai wasu kaset ɗin a gidan maƙwabta. Marta ma ta sa baki, ta ce, "Inna, ki huta mana, tukwanen ba gudu za su yi ba." Laraba ta ce ta bar yumɓu a jiƙe, in ya wuce gobe zai yi ruwa, kuma Yaro ba ya iya dafa komai sai ruwan zafi. Washegari da hantsi suka raka ta bakin ruwa. Ta zauna a tsakiyar jirgi a kan buhun gishiri, tsakanin wata mai manja da wani mai raga, kafin a tada inji har ta fara tambayar mai manjan ko a garinsu da me suke ajiye ruwa.